Maganin barci ba zai zaunar da ɗanki a aji ba



Makon jiya wata baiwar Allah ta shigo kantinmu na magani a nan Jos. Ta jira sai da mutane suka ragu, sannan ta matso ta ce ƙasa-ƙasa, "Anti, ki taimaka mini da abin da zai sa yaro ya zauna wuri ɗaya." Ɗanta shekararsa 7, likita ya tabbatar yana da lalurar galahanga, wadda a asibiti ake kira otizim. Makarantarsu ta ce ko ya natsu ko a nema masa wata. Ashe ma ta riga ta fara ba shi piriton kowace safiya.

Ban sayar mata ba. Ranta bai so ba, ni kuma ban ga laifinta ba, gajiya ce. Na san cikinku akwai masu irin wannan nauyi, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da lalurar.

'Yar'uwa, babu ƙwayar da ke warkar da otizim. Akwai risperidone, wanda Amurka ta amince da shi a 2006 don yaran da fushinsu ya tsananta har suna ji wa kansu ciwo. Amma wannan sai likita ya rubuta, yana kuma bibiyar yaron, domin yana sa ƙiba da yawan barci. Yaron da ke gyangyaɗi a aji kuwa ya yi shiru ne kawai, bai koyi komai ba.

Abin da na ga ya yi aiki da idona, a kan ɗan yayata, mutum ne: malama guda da aka ɗauka ta zauna kusa da shi a aji, shi kaɗai. Makonninta biyu na farko ba ta koya masa ko baƙi ɗaya ba, har yayata ta fara ƙorafin kuɗinta. Ƙaramin littafi ta riƙe tana rubuta abin da ya faru kafin ya fara ihu, da abin da ya biyo baya. Daga nan aka gano ruwan Agusta in ya sauka a kan kwanon ajin, shi ke sa ya toshe kunne ya ciji hannunsa. Ku da kuka san ruwan Jos, wani lokacin har da ƙanƙara, kun san ƙarar. Da sanyin Disamba ya zo kuma, sai ga rigar sanyi ta ulu tana masa ƙaiƙayi, alhali duk mun ɗauka taurin kai ne ke sa ya cire ta.

Sai ta yanka kwali ta manna hotuna: kofin ruwa, banɗaki, tabarmar hutu. In baki ya kasa, hannu ya nuna. Kafin a buga ƙararrawa takan gaya masa saura minti biyar. In hadari ya haɗo, ta kai shi ɗakin da ke da silin tun ruwa bai sauko ba. Littafin nan kullum yana zuwa gida a jakarsa, uwa ma ta rubuta yadda ya kwana.

Sai dai a kula. Akwai malamar da za ta riƙe masa fensir, ta amsa tambaya a madadinsa, ta hana yara matsowa kusa da shi. Wannan 'yar raino kika ɗauka. Ta kirki tana ja da baya ne a hankali: bana tana gefensa, baɗi tana bayan aji. Wadda kuma ta ɗaga masa bulala ko ta kulle shi a ɗaki, a sallame ta ranar.

Ina za a samu? Jami'ar Jos na da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, kuma tana yaye ɗalibai da suka karanci wannan aiki. Akwai kuma cibiyar Open Doors da Farfesa Joanne Umolu ta kafa a garin nan. Kuɗin malamar yawanci a wuyan iyaye yake, ba zan ɓoye muku ba, kuma ba kowa ke iyawa ba. Amma ku je wa hedimasta da saninku: dokar hana nuna wa masu nakasa wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, ta kuma ce makarantun gwamnati su tanadi aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar dominsu.

Baiwar Allahn nan ta yi mini alƙawarin ajiye piriton, ta ce ranar Litinin za ta je makarantar tare da maigidanta. Na ce ta tafi da takardar likita, kuma ta sayi ƙaramin littafi a hanya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.