Sunanta hiraba

Masu afka wa Sakajiki, masu tare hanyar Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi, 'yan bindiga muke kiransu. Wannan suna makami kawai ya ambata, ya bar laifin. Malaman fiƙihu kuwa hiraba suka ce: yi wa doka karan tsaye da makami, a fili, har tafiya ta gagari bayin Allah. Ɓarawo yana ɓuya ne domin tsoron hukunci, muharibi ya daina tsoronsa. Aya ta 33 cikin Suratul Ma'ida ta tsananta hukuncinsa, kuma kundin shari'ar Zamfara na 2000 ya tanade shi. Sai dai zartarwa aikin hukuma ne. Ɗan sa-kai da ya kashe Bafulatani a kasuwa bisa zato, shi ma karan tsayen ya yi.