Ƴan kasuwa, mu sa littafin zane cikin kayan da muke sarowa

 Yau maganarmu a kan wata haja ce da ba kasafai ake ganinta a rumfunanmu ba, wato littafin labari cikin zane, wanda ƴan lakwal ke ce wa BD. Mu ma'aikatan rediyo, kukan da muka fi ji daga bakin iyaye shi ne yara sun yar da littafi sun rungumi waya. Kukan gaskiya ne, amma faɗa da bulala ba sa sa yaro son karatu. Abin da ke jawo shi shi ne labarin da zai hana shi barci sai ya ga ƙarshensa.

Manyanmu da suka yi lakwal ba su manta da mujallar Kouakou ba, wadda ta fara fitowa a 1966, ko ƙananan littattafan Zembla da Akim da ake karɓa hannu da hannu har bango ya yage. Da yawa a nan suka saba da Faransanci ba tare da an tilasta musu ba. Sannan ba mu da dalilin ɗaukar zane a matsayin baƙon abu, domin marigayi Moustapha Alassane, ɗan ƙasar nan da ya zauna a Tawa kuma ya rasu a 2015, yana cikin na farko da suka yi fim ɗin zane a Afirka, irin su Bon voyage Sim na 1966.

Daga cikin littattafan zane, mun fi ba ƴan kasuwa shawarar na bincike, waɗanda ake bin sawun mai laifi har a kama shi. Dalili kuwa a fili yake. Wane ne cikinmu bai san ɗan damfarar da ke nuna saƙon ƙarya a waya yana cewa ya turo kuɗi ba, ko mai cusa jabun jika goma cikin sababbin takardu ana tsakiyar cunkoso? Labarin bincike yana koya wa yaro kada ya gamsu da maganar farko, ya dubi hannun mutum a lokacin da bakinsa ke zuba, ya tambayi wa zai amfana. A littafin zane kuwa alamar tana ɓoye cikin hoton kansa: takalmi mai laka, ƙofar da aka bari a buɗe, idon da ya kauce. Yarinyar da ta saba neman irin waɗannan alamu, ranar da kika bar mata rumfa za ki tafi da kwanciyar hankali.

Ga waɗanda muke ganin sun cancanci kuɗinku. Na farko jaridar barkwanci ta Gbich! da masu zane irin su Lassane Zohoré suka kafa da kansu a Abijan a 1999. A cikinta aka san Cauphy Gombo, ɗan kasuwar da ba ya jin tausayin kowa in dai riba ce, kuma duk wanda ya karanta shi zai tuna da wani da ya taɓa cuta tasa a ciniki. Na biyu Commissaire Kouamé, wanda Marguerite Abouet ta rubuta, Donatien Mary ya zana, ya fito a 2017. An tsinci gawar wani babban alƙali a wani ƙaramin otel na Abijan, aka ɗora wa kwamishinan ƴan sanda Kouamé binciken, tare da kashedin kada magana ta fita. Ita wannan marubuciya ce ta yi Aya de Yopougon a 2005. Babban gidan ɗab'i na Faransa ne ya buga shi, amma titunan da mutanen da wayon duk irin namu ne. Na uku Blacksad, na wasu ƴan Sipaniya biyu, Juan Díaz Canales da Juanjo Guarnido, wanda ya fara fitowa a 2000. An zana mutane da kawunan dabbobi kamar a tatsuniya, mai binciken kuwa baƙin muzuru ne a Amurka ta shekarun 1950. Sai dai muna jan kunne: wannan na manya ne, akwai kisa da tsiraici a ciki, kada a miƙa wa ƙaramin yaro.

Sai kuma labaran kimiyya na hasashen gobe, masu jiragen zuwa taurari da na'urori masu magana. Wani zai ce wannan ai ƙaryar Turawa ce. To a sani cewa tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya da Hausa, labarin yaron da aka ɗauka zuwa sararin samaniya. Ɗan Najeriya Roye Okupe ya bar aikinsa ya kafa YouNeek Studios, ya nemi gudummawar masu karatu ya fitar da E.X.O. a 2015, daga baya ya yi Malika, wadda ya ɗauko hasken labarinta daga Sarauniya Amina ta Zazzau. Kamfanin Comic Republic na Legas, da Jide Martin ya kafa a 2013, ya yi suna ne da sa littattafansa kyauta a intanet.

Wanda ya fi burge mu shi ne labarin Kugali. Wasu samari biyu ƴan Najeriya, Ziki Nelson da Tolu Olowofoyeku, da hira kawai suka fara, a wani shirin sauti na intanet mai suna Tao of Otaku, inda suke tattauna littattafan zane. Irin wannan shiri shi ake kira fodkas: rediyo ne da kake saukewa a waya ka saurara lokacin da ka ga dama. Daga hira suka haɗu da Hamid Ibrahim ɗan Uganda suka kafa Kugali a 2017, suka shiga buga aikin masu zanen Afirka, har Disney ta yi aiki da su aka fitar da Iwájú a 2024, fim ɗin zane mai kashi 6 a kan Legas ta gobe. Ga mai jin Faransanci kuma akwai shirin C'est plus que de la SF na Lloyd Chéry, inda ake hira da marubuta da masu zane. Amfanin fodkas ga ƴar kasuwa shi ne hannu na awo, kunne na saurare, kuma ko wadda ba ta yi lakwal ba za ta iya sa ɗanta ya fassara mata, hira ta ɓarke a gida.

Mun san akwai cikas. Littattafan nan da Faransanci ne ko Ingilishi, wanda aka shigo da shi daga waje yana da tsada, kuɗin intanet ma ba wasa ba ne. Amma ɗan kasuwa ai shi ne gwanin warware irin wannan. Masu zuwa sari Kano ko Lome ko Abijan su riƙa haɗowa da ko guda biyar ne. A ba da su haya kamar yadda aka yi da kaset ɗin bidiyo a da, littafi ɗaya yara talatin su karanta. Masu tura waƙoƙi a memori su ƙara da shirye-shiryen sauti, mutum ɗaya ya sauke, unguwa ta saurara. Iyaye kuma su buɗe littafi su duba kafin su ba yaro, tun da hoto ba ya ɓoye abin da ke cikinsa.

Babban giɓin dai shi ne na Hausa, kuma a nan ne muke kira ga masu hannu da shuni. Yaran da ke zana allunan shaguna da bayan motoci a garuruwanmu suna da hannu, abin da suka rasa shi ne mai biya musu takarda da kuɗin bugu. Alhajin da zai iya ɗaukar nauyin gasar kokowa zai iya ɗaukar nauyin littafi mai shafi ashirin a kan wani ɗan sanda da ke bin sawun ɓarayin hatsi a kasuwar Maraɗi, a sa sunan shagonsa a bangon baya. Mu kuma na rediyo, haƙƙinmu ne mu buɗe fili a karanta shi, a kira mai zanen a yi hira da shi, domin hajar da ba a yi wa talla ba kwantai take yi.

Allah ya kawo kasuwa mai albarka, ya shirya mana zuriya.