A Tambayi Matar Tukuna

Tun 1968 gidajen yari suka bar hannun En'e, dokar 2019 kuwa ta yarda a yi wa fursuna sakin talala kafin wa'adinsa ya cika. Madalla. Amma a dubi manomin da aka ɗaure a Funtuwa don ya karya hannun matarsa kan kuɗin auduga. An koya masa ɗinki, an ce ya shiryu, wai bai taɓa ɗaga wa ganduroba murya ba. To, da ma ganduroba ya doka? Kafin ya koma ƙauyensu a ƙasar Malumfashi, lalle malami ya yi watanni yana yi masa horo kan fushi, dagaci ya tsaya masa, sa'an nan a kira matar da waliyyinta, a ji ko ta yarda ya shigo gidan.