Kafin Ku Sayi Na'urar Tace Iska, Ku Dubi Murhu

Idan hunturu ya shigo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo kan lulluɓe kogi har mutumin Malanville ya kasa hango Gaya. Lokacin ne tari da mura da asma suke yawa. Shi ya sa wasunku suke tambaya ko su sayi na'urar tace iska, irin wadda ake kawowa daga Kwatano.

Shawararmu ita ce, a yawancin gidaje kada a fara da ita. Ƙurar hunturu baƙuwa ce, wata uku ko huɗu ta wuce. Hayaƙin murhu kuwa ɗan gida ne, safe da yamma yana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020, fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Mai girki da jaririn da ke bayanta su suka fi shaƙarsa.

Na'urar kuma tana da sharuɗɗa. Sai da wutar lantarki dare da rana, sai kuma ɗaki mai rufuwa sosai. A ɗakin da iska ke shiga ta ko'ina, aikinta kamar ɗibar ruwa da kwando ne.

Ku fara da abin da ke hannunku. A yi girki a waje ko a rumfar da iska ke ratsawa, da busasshen itace. A nemi murhu mai rage cin itace, ko gas ga mai hali. Mai bandar kifi ta sauke goyo, ta ba wani ya riƙe nesa da hayaƙi. Gidan sauro ya fi maganin sauro na ƙonawa. A yayyafa ruwa kafin shara. Kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki saboda sanyi. Yana fitar da guba marar wari mai kisa cikin barci, na'urar kuwa ba ta kama ta.

Idan akwai mai asma a gida, kuna da wuta da ɗaki mai silin, na'urar tana iya taimakawa. Ku zaɓi mai matacin HEPA, wadda ƙarfinta ya dace da girman ɗakin. Ku tambayi kuɗin sabon mataci da inda ake samunsa, domin ƙurarmu kan toshe shi da wuri. Ku guji mai fitar da iskar ozon, tana fusata huhu.

Na'ura ba magani ba ce. Yaron da ke numfashi da sauri, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa, ku kawo shi asibiti a ranar. Tarin da ya wuce mako 2, a zo a gwada majina. Allah ya ƙara mana lafiya.