SHEKARA NAWA RABON DA A AIKA WASIƘA GIDA?

 

Duk wanda ya san ƙasar Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa ya san cewa da zarar an gama girbi, dawa da masara sun shiga rumbu, to samari sai su fara ɗaure kaya. Daga Badafi da ƙauyukan da ke kewaye da ita wasu su nufi birnin Kano, wasu Abuja, wasu Legas ko Fatakwal ci-rani, wasu kuma su koma makarantun boko ko gaban malamansu na allo, kuma da wuya a sami ɗaya daga cikinsu wanda babu wayar hannu a aljihunsa. To amma da za a tsayar da waɗannan samari a ƙofar masallaci yau Juma'a a tambaye su shekara nawa rabonsu da su ɗauki biro da takarda su rubuta wa mahaifi ko mahaifiya ko malami wasiƙa, lallai da yawansu dariya za su yi, wasu ma su ce ai tun da aka haife su ba su taɓa yi ba. Wannan abin dariya ne a wurinsu, alhali kuwa hasara ce babba.

Babu mai hankalin da zai musa amfanin waya. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001 an sami sauƙin da kakanni ba su taɓa mafarkinsa ba, domin kuwa rashin lafiya ko rasuwa ko haihuwa, labarin da a da yakan kwana bakwai a hanya, yanzu kafin a shafa fatiha ya isa Legas. Wannan ni'ima ce, a gode wa Allah a kanta. Sai dai akwai maganganun da waya ba ta iya ɗaukar nauyinsu, kuma su ne maganganun da zumunci ya fi dogara a kansu: neman gafara, godiya, nasiha, amana, bashi da wasiyya.

A dubi yadda kiran waya yake kasancewa a gidaje da yawa na karkara. Sau da yawa tsoho ba shi da wayar kansa, ko kuma yana da ita amma babu caji, sai a kira ta ƙanen saurayin, a buɗe murya kowa na ji, yara na kewaye, sabis na ɗaukewa, kati na ƙarewa. "Baba, ina wuni? Ya gida? Kowa lafiya? To sai anjima, katina zai ƙare." Shi ke nan an gaisa da mahaifi! A ina ne a cikin wannan hayaniya ɗa zai gaya wa ubansa abin da ke damunsa, ko uban ya yi wa ɗansa faɗan da ba ya so ƙannensa su ji? Wasiƙa kuwa daga hannu take zuwa hannu. Dattawa da yawa a wannan yanki ba su yi boko ba, amma sun yi allo, suna karanta ajami sarai, saboda haka ɗan da ya rubuta wa mahaifinsa da ajami ya ba shi abin da zai shiga ɗaki ya karanta shi kaɗai, ya ninke ya sa a cikin gafaka, ya sake ɗaukowa duk ranar da kewar ɗan ta taso masa. Mahaifiya kuma, ko da karanta mata aka yi, ta san hannun ɗanta, kuma ta san ya zauna ya ɓata lokacinsa saboda ita.

Sannan akwai maganar gaggawa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, kuma babu inda wannan karin magana ya fi tabbata kamar a WhatsApp, inda mutum yakan danna saƙon murya yana cikin fushi, kafin zuciyarsa ta huce saƙon ya isa, an saurara, an ma tura wa wasu. Zumunci nawa ne ya yanke ta haka tsakanin wa da ƙane a kan gadon gona ko kuɗin taki? Mai rubuta wasiƙa dole ya nemo takarda, ya zauna, ya fara da sallama da gaisuwa, ya tambayi lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin ya iso kan abin da ya ɓata masa rai rabin fushin ya tafi. In ya rubuta kalmar da ba ta dace ba yana da damar ya yaga ya sake. Wannan jinkiri da samari suke gani aibi ne, shi ne babban alherin wasiƙa.

Kuma kada wani ya ɗauka wasiƙa baƙuwar al'ada ce da Nasara ya kawo tare da gidan waya da kan sarki. Bayan sulhun Hudaibiyya Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika da wasiƙu zuwa ga Hiraƙla sarkin Rum da Kisra sarkin Farisa da Muƙauƙis na Masar da Najjashi na Habasha, har aka ƙera masa zoben azurfa domin buga hatimi, saboda an gaya masa sarakunan ba sa karanta takardar da babu hatimi a kanta. Wasiƙar da Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musal Ash'ari a kan alƙalanci har yau malaman fiƙihu suna karantar da ita. A nan ƙasar Hausa ma, lokacin da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya isa Barno, Muhammadu Bello da Shehu Muhammadul Aminu Alkanemi sun yi muhawara mai zafi ta hanyar wasiƙu, kuma Bello ya shigar da su cikin littafinsa Infaƙul Maisuri a shekarar 1812, shi ya sa bayan shekaru fiye da 200 ɗalibi yake iya zama ya auna hujjar kowane ɓangare da kansa.

Haka nan a shekarar 1903, shekarar da rundunar Turawa ta taso daga Zariya ta fasa Bebeji a kan hanyarta ta zuwa Kano, sannan ta wuce ta ci Sakkwato, an tarar da tarin wasiƙu na Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda sarakuna suka riƙa aikowa. Wani Bature mai suna Backwell ya buga fassararsu a 1927, kuma da su ne masana tarihi suke gane halin da shugabannin Musulmi suka shiga a waɗannan shekaru. To, saurayin yau me zai bari? Waya takan faɗa ruwa, a sace ta a tasha, ko ta cika a goge komai domin a sami wurin sabon bidiyo. Sau nawa aka ga wanda mahaifinsa ya rasu yana kuka yana neman ko da saƙo ɗaya na marigayin, amma wayar da saƙon yake ciki ta daɗe da lalacewa?

Abin ya fi tsanani idan aka zo kan haƙƙin mutane. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa bai kamata Musulmin da yake da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce ba. Ga ɗan ci-rani yana bin hanyar Legas ko ta dajin Falgore, hanyoyin da kowa ya san hatsarinsu, akwai kuɗin ajiyar abokai a hannunsa, ana binsa bashi, shi ma yana bin wasu, kuma duk lissafin yana cikin kansa da cikin wayar da babu wanda ya san lambar buɗe ta sai shi. In ta Allah ta kasance, wa zai sauke masa wannan nauyi? Takarda ɗaya da ya rubuta da hannunsa ya aika wa mahaifinsa ko wansa ta isa ta raba gardama tsakanin magada, ta kuma kuɓutar da shi ranar da babu naira babu kwabo.

Wani zai ce ai gidan waya ya zama kufai, wa zai kai takardar? Amsa ita ce tun asali yawancin wasiƙun karkara ba ta gidan waya suke bi ba. Direbobi da fatake da 'yan uwa masu komawa gida su ne masu kaiwa, kuma har gobe motoci suna tsayawa a Kwanar Ɗangora, masu zuwa ganin gida kuma ba su yanke ba. Wanda ake ba shi atamfa da sabulu ya kai wa tsohuwa, ambulan ɗaya ba zai yi masa nauyi ba. A tuna kuma da watan Satumba na 2021, lokacin da hukuma ta rufe layukan waya a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar 'yan bindiga. A 'yan kwanaki mutane suka koma ba direbobi takarda a tasha, wanda ya iya rubutu ya zama abin nema. Abin da wani yake iya kashewa daga ofis a dare ɗaya, bai kamata a jingina dukkan zumunci a kansa ba.

Wani kuma zai ce rubutunsa ba kyau, yana jin kunya. To ai uba ba mai duba jarrabawa ba ne. Magabata da "takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane" suke farawa, sai gaisuwa, sai buƙata, sai addu'a, kuma wannan tsari ya wadatar har yau, da boko ne ko da ajami. Hasali ma, hannun da ya shekara yana wanke allo yana sake rubutawa, abin kunya ne a ce ya kasa cika rabin shafi zuwa ga wadda ta haife shi.

Saboda haka abin da ake nema ga kowane ɗan uwa matashi ba mai yawa ba ne. Ya ci gaba da kiran gida kamar yadda ya saba, amma kafin wata Juma'ar ta zagayo ya sayi takarda da ambulan, ya zauna bayan sallar asuba, ya rubuta wa iyayensa godiya da neman gafara, ya bayyana abin da ake binsa da abin da yake bi, ya sa kwanan wata da sunansa, ya damƙa wa amintacce. In akwai malamin da ya koya masa baƙi da wasali, shi ma yana da haƙƙin shafi ɗaya. An ce zumunci a ƙafa yake, to wanda nisa ya hana ƙafarsa zuwa, sai ya aiki hannunsa.

Allah Ya ba da ikon sada zumunci, Ya jiƙan iyaye da malamai, Ya mayar da matafiya gidajensu lafiya.