Sububu: Amali ko Halilu?

1/ Matasan Anka, Gummi da Bukkuyum, in an ce Sububu, wa kuke tunawa? Na san amsar: Halilu, ɗan bindigar da aka kashe a 2024.

2/ Alhali iyayenmu Amali Sububu suka sani, makaɗin noma mai zuga maza a gona.

3/ Ku dubi Gene Autry, mawaƙin fina-finan kaboyi na Amurka. Ya rasu a 1998, amma gidan tarihin da ya kafa a Los Angeles na nan.

4/ Mu kuwa bidiyon 'yan bindiga muke yaɗawa, kaset ɗin Amali na lalacewa cikin akwati. A ganina, asara ce babba.

5/ Duk mai kaset ɗinsa a gida, don Allah ya juye a waya ya ɗora mana. Mu dawo wa garin nan da sunansa.