Karin Maganar Turanci Ba Hadda Ba Ce

'Yan'uwa malamai, duk shekara idan jarrabawar shiga sakandare ta ƙarato, mukan cika allo da karin maganar Turanci kan aiki da ƙwazo, mu sa ɗaliban aji shida su haddace. Yaro ya rera "make hay while the sun shines" tiryan-tiryan, amma a tambaye shi ma'ana sai ya sunkuyar da kai. Muna ganin lokaci ya yi da za mu bar wannan hanya.

Manomin Ingila ne ya yi wannan magana, domin yana tsoron ruwa ya jiƙa ciyawar da ya yanke kafin ta bushe. Shin akwai ɗan Rogo da bai ga yadda ruwan ƙarshen damina ke ɓata harawar gyaɗa ba? Ma'anar tana gidansu, mu ne ba mu nuna masa ƙofa ba. Haka nan inda Bature ya ce tsuntsun da ya yi sammako shi ke samun tsutsa, Bahaushe ya riga ya ce da sanyin safiya ake kama fara. Inda ya ce hannu da yawa na sauƙaƙa aiki, mu cewa muke hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma yaron da ya ga gayya a gonakin rani na madatsar Challawa ba ya buƙatar dogon bayani.

Wasu za su ce Hausa a darasin Turanci tana raunana yaro. Amma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da harshen uwa ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Wanda ya fahimta zai iya amfani da maganar a sabuwar jimla. Mai hadda kuwa da an sauya tambaya ya ɓace.

Saboda haka muna ba reshenmu shawara: malaman Ƙaraye da Rogo su tattara karin maganar da ke cikin littattafan aji huɗu zuwa shida, a nemo wa kowace takwararta daga bakin dattawa, a rarraba wa makarantu. Wadda ba ta da takwara a yi mata bayani da misalin gona ko kasuwa. Aikin ba ya cin kuɗi, himma kawai yake so, ita kuwa himma ba ta ga raggo.